Horon tuƙin 'yan sanda: rauni ya yi, ko ma'aunin aka sauya?

Malam, ka ce ka sha jin tsofaffin 'yan sandan hanya na Ingila suna kukan cewa horon tuƙi na babban mataki ya lalace, wai direban yau ko rabin na da bai kai ba. Kana so ka san ko gaskiya ne, da kuma abin da ya sauya. Na daɗe a kujerar gefen direba ina koyar da irin wannan tuƙi, kuma maganar tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

A gajarce, dattawan suna da gaskiya a wani wuri, amma ba a wurin da suka fi nanatawa ba. Abin da ake aunawa a jikin direba ne ya tashi daga hannu da ƙafa ya koma kai. A da ana tambaya: yaya ya sarrafa motar? Yanzu an ƙara da: me ya sa ya yi gudun, kuma yaushe ya ga ya dace ya daina? Ni ina ganin wannan ci gaba ne. Inda aka yi asara ta gaske shi ne yawan sa'o'in da mutum ke yi a kan hanya bayan ya gama kwas, kuma zan zo kansa.

Bari mu fara da tushe. A farkon shekarun 1930 motocin 'yan sandan Landan suna yawan karo har abin ya zama abin magana a jaridu. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce haɗari ɗaya a duk mil 8,000. Lord Trenchard, kwamishinan rundunar a lokacin, shi ya sa aka buɗe makarantar tuƙi a Hendon, a arewacin Landan, a 1935. A 1937 aka ɗauko Lord Cottenham, wanda ya yi tseren mota, ya horar da malaman makarantar. Abin da ya kawo mai sauƙin faɗa ne: kowane haɗarin da ke gabanka, kwana ne ko mararraba ko mota a tsaye, ka tunkare shi da tsari ɗaya, mataki bayan mataki, ta yadda za ka iso wurin kana daidai gurbi, da daidai gudu, da daidai giya. Kafin ƙarshen shekarun 1930 haɗarin ya koma kusan ɗaya a mil 27,000. A tsakiyar shekarun 1950 aka buga wannan koyarwa a littafin Roadcraft, wanda har gobe shi ne littafin da ake karanta wa direban ɗan sanda a can.

Wanda bai taɓa zama cikin motar horo ba ba zai gane yadda tsohon tsarin yake da tsauri ba. Ɗalibai uku a mota, malami ɗaya, ana karɓa-karɓa daga safe har yamma. Sitiyari sai dai ka ja da hannu ɗaya ka tura da ɗayan, ba a yarda hannu ya ƙetare hannu ba. Birki daban, giya daban: sai ka gama rage gudu, ka ɗaga ƙafa daga birki, sannan ka kai hannu ga giya. Ka haɗa su, an rage maka maki. A motocin da, har taka kuloci sau biyu ake koyarwa don giya ta shiga ba ƙara. A ƙarshe a ba ka maki, a ce kai aji na ɗaya ne ko aji na biyu. Wanda ya fito aji na ɗaya, to ya samu abin da zai yi alfahari da shi har ritaya, kuma ya cancanta, domin mutanen nan sun iya mota. Ka zauna a bayansu ba za ka ji lokacin da suka sauya giya ba.

Abubuwa biyu daga wancan zamani suna nan daram, kuma su ne ƙashin bayan aikin. Na farko shi ne dokar cewa kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa lafiya a hannunka ba, cikin tazarar da idonka ke gani babu komai. A kwana, ana koya wa ɗalibi ya kafa ido a inda bakin hanya na dama da na hagu suka haɗu a ganinsa. Idan wurin yana matsowa gare ka, kwanar ta fi ƙarfin gudunka, sai ka rage. Idan ya fara tafiya tare da kai, gudunka ya yi daidai. Idan ya fara guje maka, hanya ta buɗe, ka iya ba ta wuta. Na biyu shi ne tuƙi da baki: ɗalibi yana tuƙi yana faɗar duk abin da yake gani da abin da zai yi. “Motar kaya a tsaye a hagu, ƙafafu a ƙarƙashinta, wani zai iya fitowa, na duba madubi, na matsa dama, na rage.” Ka riƙe wannan na biyun, zan dawo kansa.

To me ya sauya? Da farko motar kanta. Birkin da ke hana taya kullewa ya zama ruwan dare a sababbin motocin Tarayyar Turai tun 2004, na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa kuma ta zama dole a duk sababbi daga 2014. Yawancin motocin sintiri masu ƙarfi yanzu otomatik ne. Dabarar dannawa da sakin birki da sauri, wadda aka yi shekaru ana koyarwa, a motar yau kuskure ce: ka taka da ƙarfi ka riƙe, ka bar na'urar ta yi aikinta, kai kuma ka juya sitiyari. Bugun Roadcraft na baya-bayan nan sun sassauta a kan riƙon sitiyari, sun kuma yarda cewa akwai inda haɗa birki da giya ya fi aminci, kamar shiga ƙaramin lungu a gangare da mota a bayanka. Idan dattijo ya ce yaran yanzu ba su iya sauya giya ba, gaskiya ya faɗa, sai dai motar da ake ba su ba ta neman wannan ƙwarewar. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Akwai kuma darasin filin santsi, inda ake jiƙa kwalta a koya wa mutum dawo da motar da ta ƙwace. Kowa yana son ranar, ni ma ina sonta. Amma Norway ta wajabta irin wannan horo ga sababbin direbobi a 1979, bincike kuma ya nuna cewa haɗarin samari a kan hanya mai santsi ƙaruwa ya yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwarewar da ka samu a rana ɗaya tana dushewa cikin watanni, yarda da kai da ta ba ka kuwa tana nan tana girma. Mutum ya fita yana jin ko motar ta zame zai iya kamo ta, sai ya shiga kwanar da gudun da da can ba zai yi ba. Wannan ya girgiza masu koyar da tuƙi a Turai baki ɗaya, shi ya sa yau aka fi ba da ƙarfi ga hana zamewar tun kafin ta fara.

A 1994 aka sake rubuta Roadcraft, tsarin ya koma matakai biyar: bayani, gurbi, gudu, giya, ƙara wuta, kuma bayani, wato abin da kake gani da abin da kake nuna wa wasu, yana gudana tun daga farko har ƙarshe. Daga nan halin direba ya fara samun babi nasa a farkon littafin. Bugun 2013 ya shigo da tsarin nan na masana Turai da ya kasa tuƙi hawa huɗu: sarrafa mota, mu'amala da sauran masu hanya, manufar tafiyar, sai kuma kai kanka, wane irin mutum ne kai da abin da ke tunzura ka. Tsohon horo ya ƙware a hawa biyu na ƙasa. Haɗarin da ke kashe mutane kuwa yawanci daga na sama yake gangarowa.

Ga abin da nake nufi. Akwai yanayin da masu aikin ke kira jan hazo: lokacin da burin kamawa ko isa wurin ya rufe wa direba ido. Na ga shi sau da yawa, kuma alamarsa ɗaya ce. Wata rana a atisayen bin mota, malami abokin aikina yana gaba yana wasan mai gudu, ɗalibina yana binsa. Ɗalibin nan yana cikin waɗanda suka fi kowa hannu a ajin. Minti na farko bakinsa bai tsaya ba, yana kiran komai: mararraba, keke, alamar makaranta. Da motar gaba ta fara ba shi rata, sai jimlolinsa suka gajarce. Can sai ya yi shiru. Na dubi hannunsa, ya damƙe sitiyari har gaɓoɓin yatsunsa sun fito, ya ɗan ranƙwafa gaba, idonsa ya manne a bayan motar can. Ya daina duba madubi. Muka wuce bakin wata hanya da wata mota ke shirin fitowa, ko kai bai juya ba. Na ce ya kashe jiniya ya sauka gefe. Na tambaye shi launin motar da muka wuce, ya ce wace mota? Ba ƙarya yake yi ba, bai gan ta ba.

A tsohon ma'auni, tuƙinsa na wannan mintin ba shi da aibi: layinsa a kwana daidai, giyarsa daidai. A ma'aunin yau ya faɗi, kuma na gamsu cewa ma'aunin yau ne ya gan shi yadda yake. Shi ya sa nake cewa tuƙi da baki, wanda tsofaffi suka bar mana, ya fi amfani yanzu fiye da da. Da shi malami ke leƙa cikin kan ɗalibi. Baki ya yi shiru, to tunani ya tsuke.

Lissafin gudu ba ya duba kaki. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a gudun mil 30 a awa mota na buƙatar mita 23 kafin ta tsaya, a mil 70, wato kusan kilomita 113 a awa, mita 96, wanda 75 daga ciki na birki ne zalla. Ka ninka gudun, tazarar birki ta ninka huɗu: a mil 140 kana neman mita 300 na birki kawai, kana kuma cin fiye da mita 60 a kowace daƙiƙa. Jiniya ma tana yaudara. Mai motar gaba gilashinsa a rufe, rediyo a kunne, sau da yawa ba zai ji ta ba sai ka iso bayansa, ya kuma firgita ya taka birki a gabanka. Ina gaya wa ɗalibai: fitila da jiniya roƙo ne, ba ka da tabbacin an amsa sai ka ga motar ta kauce.

A fannin bin mota ne sauyin ya fi girma. A da, direban da ke bin motar shi ke da wuƙa da nama. Yanzu akwai matakai. Direban matakin farko yana tuƙa motar aiki ne kawai, ba shi da izinin karya dokar gudu. Na matakin amsa kira, bayan kwas na kimanin mako uku, zai iya kunna jiniya. Na babban mataki yana ƙara kimanin mako huɗu a kan wannan, da manyan motoci. Bin mota kuma izini ne na daban: akwai wanda aka horar ya fara bi ya riƙa ba da rahoto kawai, akwai waɗanda aka horar su kawo ƙarshen gudun, ta hanyar kewaye motar da motoci su matse ta har ta tsaya, ko shimfiɗa mata ƙusoshi masu sace iskar taya a hankali. Tun 2011 akwai ƙa'idar aiki ta ƙasa a kan wannan. Ɗakin rediyo, inda rundunar ke sa ido a kan aikin daga ofis, yana sauraro, yana tambayar yanayin hanya, yawan jama'a, laifin da ake zargi, ko an san mai gudun ta yadda za a iya zuwa gidansa gobe. Mai kula da ɗakin zai iya cewa a daina, direban ma zai iya, kuma idan ɗaya ya ce a daina, an daina. Dattawa da yawa nan ne ransu ke ɓaci, suna ganin an ɗaure wa ɗan sanda hannu. Ni kuwa na zauna da isassun mutanen da suka bi mota har ƙarshe mai muni, na san abin da suke ɗauke da shi. Motar sata ana samun wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amurka ma, inda ake koyar da dabarar tunkuɗar gefen bayan mota don ta juya, ta fara karkata nan: a 2023 wata babbar cibiyar binciken shugabannin 'yan sanda ta ba da shawarar a taƙaita bin mota ga laifin tashin hankali da barazanar da ke tafe nan take.

Kada ka ɗauka komai sassautawa ne. A 2018, da fashi a kan ƙananan babura ya addabi Landan, rundunar ta fito fili ta nuna cewa direbobinta na musamman suna tunkuɗe masu gudu daga kan babur da mota. Wannan dabara ce mai haɗari da tsohon ɗan aji na ɗaya bai taɓa koya ba.

Sai doka, wadda mutane da yawa ba su fahimta ba. Wata dokar hanya ta Birtaniya ta 1984 ta yafe wa motar 'yan sanda iyakar gudu idan bin iyakar zai hana aikin, wasu ƙa'idoji kuma sun ba ta damar ɗaukar jar danja a matsayin wurin dakatawa a duba kafin a wuce. Amma babu dokar da ta yafe tuƙin ganganci. Shekaru da yawa, idan abu ya faru, kotu tana auna ɗan sanda da ma'aunin direba na gari mai kula, kamar kowa. A 2009 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Bannister, wani ɗan sandan hanya da motarsa ta ƙwace masa a babbar hanyar M4 cikin ruwan sama yana gudun fiye da mil 100, ta yanke cewa ƙwarewa ta musamman ba hujja ba ce. Ka duba tsaka mai wuyar da wannan ya jefa su: hukuma ta koya maka ka yi abin da direba na gari ba zai taɓa yi ba, ta tura ka ka yi, sannan a auna ka da shi. Wata sabuwar doka a 2022 ta gyara wannan. Yanzu ana kwatanta shi da ɗan sanda mai kula wanda ya yi irin horon da ya yi.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kariyar tana aiki ne kawai idan horon da ka yi shi ne wanda doka ta ƙayyade, daga malami mai izini, kuma bai ƙare ba. Wannan ne ya tilasta rundunoni 43 na Ingila da Wales, waɗanda a da kowace ke da nata salo, su bi manhaja ɗaya ƙarƙashin Kwalejin Aikin 'Yan Sanda da aka kafa a 2012. Sabon ma'aunin kuma yana iya fin tsohon tsanani, domin wanda aka koya masa jan hazo ba zai ce bai san da shi ba. Ga kyamara a mota, ga na'urar da ke adana gudu da birki, ga hukuma mai zaman kanta da dole a kai wa rahoton duk mutuwar da ta biyo bayan hulɗa da 'yan sanda. Direban da yana dawowa ofis ya ba da labari da bakinsa. Na yau kowace daƙiƙa ta tuƙinsa a rubuce take.

Yanzu ga inda nake tare da dattawan, kuma da zuciya ɗaya. Kwas ba ya yin direba, buɗe masa ƙofa kawai yake yi. Abin da ya ƙera mutanen da shi ne shekarun da suka biyo baya: sashen hanya mai cike da gogaggu, sabon shiga yana zaune kusa da wanda ya yi shekara ashirin, ana gyara masa kullum, ana jin kunyar a gan ka kana tuƙin banza. Wannan makarantar ce ta ragu. Sufetocin aikin 'yan sanda sun faɗa a rahotonsu na 2020 cewa kuɗin da ake kashewa a aikin hanya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 2013 da 2019. An rage sassa, an haɗe wasu da na masu ɗaukar makami, mutum ɗaya yana riƙe da aiki uku. Yawancin rundunoni sun bar aji na ɗaya da na biyu, sun koma ka ci ko ka faɗi. Na san dalilin, maki yana haifar da girman kai, girman kai kuma abokin jan hazo ne. Amma da aka cire shi ba a sa wani abu da zai sa mutum ya ci gaba da neman ƙari ba. Wanda ya tsallake da ƙyar da wanda ya yi fice, takarda ɗaya suke riƙewa.

Sabunta horo kuma, ga yawancin matakai, sai bayan shekara biyar, na 'yan kwanaki. Shekara biyar ta yi yawa. Na karɓi mutanen da na yaye da hannuna, suka dawo da halayen da ban koya musu ba: bin mota kurkusa, shiga jar danja da gudun da ba za su iya tsayawa ba, dogaro da jiniya. Ba lalaci ba ne, aikin dare ne da gajiya da kira bayan kira, ga kuma sau ɗari da suka yi kuskuren ba abin da ya faru, har ya zame musu jiki. Ga motoci masu lantarki suna shigowa, sun fi nauyi, suna fizga nan take ba ƙarar inji da za ta gaya maka gudunka, kuma suna rage gudu da kansu da zarar ka ɗaga ƙafa. Wanda ya yi kwas shekara huɗu da suka wuce bai taɓa jin wannan a hannun malami ba.

Da za a tambaye ni, ba zan ƙara ko kwana ɗaya a kwas na farko ba. Zan sa kowane direba mai izinin jiniya ya fita da malami na awa biyu ko uku duk shekara, a motar da yake aiki da ita, a hanyoyin da yake bi, wani lokaci da dare a ƙarshen aikinsa lokacin da ya gaji. Zan sa a riƙa zama da shi a kalli hoton kyamarar motarsa na ranar da komai ya tafi lafiya, domin a nan ake ganin halin da ke tsirowa tun bai yi ɓarna ba. Ɗalibin nan nawa da ya yi shiru ya sake gwaji bayan wata biyu. A tsakiyar bin motar, kusa da wata makaranta lokacin tashi, ya ɗauki rediyo ya ce haɗarin ya yi yawa, ya janye, ya kashe jiniya, ya ci gaba da kiran abin da yake gani har muka tsaya. Ranar na sa masa hannu.